MANGAL KO ROGO: DA ME ZA MU RIƘE SHANU A BAZARA?

 Muna so a wannan fitowa mu taɓo wata magana da ta taso a kara nan Tamale, ta ƙi mutuwa har sai da ta kai gaban zaman ƙungiya.

Yadda aka yi shi ne, wani yaro ɗan wajen ɗaya daga cikin membobinmu, mai karatun aikin gona a Nyankpala, ya zo wurin mahaifinsa ran kasuwa, ya iske mu muna kukan tsadar dusa. Sai ya zaro waya ya nuna mana hoton shanu a ƙasar Niyuzilan, sun duƙufa cikin gona suna gwaguyar wani abu mai kama da ƙatuwar doya, rabinsa a ƙasa rabinsa a waje. Ya ce, "Baba Alhaji, wannan dangin mangal ne. Da za ku shuka shi, da kun huta da kuɗin dusa." Wani dattijo daga cikinmu ya ɗago kai ya ce, "Kai yaro, mangul ai tun ba a haifi ubanka ba muke ba dabbobi, gishiri ne daga ƙasar Manga, yaushe aka fara shuka shi?" Aka kwashe da dariya. To, amma da dariya ta lafa, sai muka ga yaron nan ya taɓo inda yake mana ƙaiƙayi, domin babu ɗayanmu da bazara ba ta taɓa ci wa uwar kuɗi ba. Shi ya sa muka bi diddigin abin, ga kuma abin da muka samo.

MENE NE MANGAL?

Mangal saiwa ce, 'yar uwar wannan jan bitirut da ake kawowa daga Jos, kuma 'yar uwar saiwar da Turawa ke tatsar sukari daga cikinta. A ƙasar Jamus aka fara noma ta don dabbobi cikin ƙarni na 18. A shekarar 1787 wani likita a Landan mai suna John Coakley Lettsom ya fitar da wani ɗan littafi a kanta cikin Ingilishi, daga nan ta bazu a gonakin Ingila. Sunanta na Jamusanci ya yi kama da kalmarsu mai nufin ƙarancin abinci, shi ya sa aka yi ta kiranta saiwar lokacin rashi.

Dalilin da ya sa suka rungume ta a fili yake. Su ma suna da nasu ranin, wato lokacin sanyi da ƙanƙara ke rufe ciyawa wata da watanni. A da, in sanyi ya ƙarato, sai su yanka yawancin dabbobinsu su sa wa naman gishiri, don ba abin da za su ba su. Da suka koyi shuka saiwoyi irin wannan, sai suka iya riƙe shanu har ciyawa ta dawo. Suna shukawa wajen Afrilu, su tone a Oktoba ko Nuwamba, su tsiba ta tsibi-tsibi su rufe da tattaka da ƙasa. Ba sa ba dabba ita da ɗanyenta nan take, sai ta kwana biyu a ajiye, domin sabuwar tonowa tana sa zawo. A ƙasa mai kyau hekta ɗaya, wato eka biyu da rabi, tana ba da tan 60 zuwa 80, wani lokaci fiye.

Wanda ya ji tan 80, dole ransa ya biya. Amma mu 'yan kasuwa ne, ba a sayar mana da sa sai mun shafa shi. Bari mu shafa.

LISSAFIN DA YA KAMATA A YI

Na farko, mangal kusan duk ruwa ce. A kilo 100, abin da zai rage in an busar bai wuce kilo 10 zuwa 13 ba. Sa mai nauyin kilo 300 yana bukatar busasshen abinci wajen kilo 8 a yini. Ke nan in ka zuba masa kilo 10 na mangal, kilo ɗaya da 'yan kai ka ba shi, saura ruwa ne. Mu da muke biyan kuɗin mota daga Paga zuwa Tamale, daga Tamale zuwa Kumasi da Ashaiman, mun san ba mai hankalin da zai yi hayar tirela don ya ɗauki ruwa.

Na biyu, tsiro ne na ƙasar sanyi, kuma yana son wata biyar zuwa shida a gona. Mu sanyinmu na hunturu daga Disamba ne zuwa Janairu, ko ya taɓa Fabrairu kaɗan. In Maris ta kama, zafin rana a Tamale yana taɓa digiri 40. In kuma aka ce a shuka da damina, ga ɗumi ga laima, saiwar ruɓewa za ta yi. Gaskiya ne ana noma danginta a Masar lokacin sanyinsu, amma da ban ruwa ne, kuma sanyin Masar ya fi namu tsawo da ƙarfi.

Na uku, ba ta yin iri sai a shekararta ta biyu, bayan sanyi mai tsanani ya ratsa ta. Wato a nan ba za ka taɓa ajiye irinka ba, kullum sai an yo maka odarsa daga waje da kuɗin ƙetare.

Duk da haka ba mu tsaya ga ji kawai ba. Yaron nan ya samo mana ɗan ƙunshin iri, muka ba wani mai lambu a bakin dam ya shuka kunya kaɗan a farkon Disamba. Ta tsiro, ganye ya yi kore shar, har muka fara washe baki. Da zafi ya sauka sai ta fara kwantawa da rana tsaka, ko an ba ta ruwa safe da yamma. Da aka tone, babbar cikinsu ba ta fi dunƙulen hannu ba. Mai lambun ya ce, "Alhaji, da albasa na sa a wurin nan, da yanzu na sayo maka buhun dusa da ribarta." Ba mu da abin cewa. Ba mu ce gwajin kunya kaɗan ya yanke hukunci ba. Masana na cibiyar binciken noma ta SARI da ke Nyankpala, da malaman jami'ar UDS, su ne ya dace su gwada ta da kyau a wurare masu ban ruwa kamar Bontanga da Golinga. Amma kafin su ce wani abu, kada ɗan uwa ya zuba jarinsa a ciki.

DARASIN BA A IRIN YAKE BA

To, shi ke nan a watsar da maganar yaro? A'a. Abin koyi a wurin Bature ba saiwar ba ce, dabarar ce. Ya ware wa dabbarsa gona. Tun ciyawa tana kore ya shuka abin da saniyarsa za ta ci ranar da babu. Mu kuwa yawancinmu sai Fabrairu ta yi, daji ya ƙone ƙurmus, sannan mu fara zagaye injinan niƙa muna cigiyar dusa, lokacin da mai dusa ya san ba mu da mafita. Ai ko a makarantar Islamiyya an karantar da mu ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salamu, yadda aka tara a shekarun yalwa don shekarun fari. Da sanyin safiya ake kama fara.

Waɗanda suka kai shekarunmu suna tuna 1983, shekarar fari da gobarar daji a Ghana, lokacin muna yara muna bin iyayenmu kara. Ba sai an je nesa ba ma, a 2024 ruwa ya ɗauke mana a tsakiyar damina, masara ta ƙone a tsaye, har gwamnati ta hana fitar da hatsi waje a watan Agusta. Duk mai turke ya san yadda buhun dusa ya koma a wannan shekara. Ganyen madobiya da yara ke kawo mana ɗauri-ɗauri a kan keke shi ma ya ja baya, tun da aka far wa itacen da sara ana lodinsa zuwa ƙasar Sin.

Akwai kuma abin da masana suka tabbatar, wanda idonmu ya riga ya gani. Busasshiyar ciyawar rani cika ciki kawai take yi. Sinadarin gina jiki da ke cikinta, wanda suke kira furotin, yakan faɗi ƙasa da kashi 4 cikin 100, alhali tumbin sa yana bukatar wajen kashi 7 kafin ya narka abinci yadda ya kamata. Shi ya sa za ka ga sa yana ci yini guda, amma kullum haƙarƙari ƙara fitowa yake yi.

SAIWARMU TANA GABANMU

In saiwa ake nema, ai muna da tamu, ita ce rogo. Ghana tana noma fiye da tan miliyan 20 na rogo a shekara. Bari mu auna su biyun. Rogo, a kilo 100, fiye da kilo 30 busasshen abinci ne. Hektar rogo da ta ba da tan 20, ka samu wajen tan 7 na busasshe. Hektar mangal da ta ba da tan 70 a can Turai, da takinta da sanyinta, wajen tan 8 ne. Ina bambancin da zai sa mu bar na gida? Ga shi rogo yana jure fari, ba a sayen irinsa daga waje sai dai a yanki kara a dasa, kuma ƙasa ita ce rumbunsa, sai ranar da ka bukata ka tona.

Mun sani rogo abincin mutane ne, ana garin kwaki da shi, ana kokonte, ana haɗa garinsa a tuwon zafi. Ba mu ce a ƙwace daga bakin yara a ba shanu ba. Amma ɓawonsa fa? Duk wanda ya bi ta Damongo ko Salaga ko Bimbilla ko Techiman ya ga tsibin ɓawon rogo a bayan wuraren suyar gari, wani yana ruɓewa, wani ana cinna masa wuta. Motocin da suka sauke shanu a Kumasi suna dawowa ta Techiman da Kintampo da Buipe, sau da yawa da sauran fili a bayansu. A Ibadan, wajen 2015, masana na cibiyoyin ILRI da IITA sun fito da hanyar gurza ɓawon nan da inji irin na masu gari, a matse ruwansa, a shanya ya bushe cikin yini guda ko biyu, ya zama abincin dabbobi mai ajiyuwa. Injin da matan gari suke da shi, shi ne dai.

Sai dai a kula, rogo yana da sharri in ba a san shi ba. Mu mun biya kuɗin makaranta a kan wannan. Wata shekara muka sauke bijimai daga Burkina, sun sha tafiya sun kwana da yunwa, yaron turke ya samo ɗanyen ɓawo mai arha ya juye musu cike da kwami. Kafin la'asar biyu sun fara haki da rawar jiki, yawu yana dalala. Ɗaya sai da aka sa masa wuƙa cikin gaggawa, mahauta suka saye shi yadda suka ga dama. Laifinmu ne, mu ba mu gaya wa yaron ba. Ɗanyen rogo, musamman mai ɗaci, yana da guba, kuma ta fi yawa a ɓawo. Maganinta rana. A baza shi a kan tamfol ko siminti, ba a kan turɓaya ba, a riƙa juyawa kwana uku zuwa huɗu har ya riƙa karyewa ƙas. Wanda ya yi fumfuna a zubar, kada a yi tsumulmular buhu ɗaya a yi asarar sa.

Sharri na biyu, rogo da mangal duk sun yi tarayya a kansa. Abinci ne mai saurin narkewa, in aka cika wa sa shi farat ɗaya, tumbinsa yakan yi tsami, ya kumbura ko ya yi zawo, ya daina ci. Manoman Niyuzilan ma sai sun ɗauki sati biyu zuwa uku suna ƙara wa shanu kaɗan-kaɗan. Haka za mu yi. A fara da kamar rabin kilo, bayan sa ya ci ciyawa ya ɗan ƙoshi, a riƙa ƙarawa har sati biyu.

Na uku, rogo ƙarfi yake bayarwa, ba ya gina tsoka shi kaɗai, don furotin ɗinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 ba, na ɓawon ya ɗan fi haka kaɗan. Dole a haɗa shi da harawa.

HARAWA ITA CE UWAR TURKE

'Yan uwanmu na Kano da Katsina da Maradi sun riga mu gane wannan. Can da kaka ta yi, za ka ga harawar wake da ta gyaɗa an naɗe an ɗora a kan rufin ɗaki da rassan itace, kuma kuɗi ce kamar hatsi. A shekarun 1990 masana na IITA a tasharsu ta Kano sun yi aiki a kan irin wake mai ba da ƙwaya da harawa gaba ɗaya. Nan kuwa, a ƙasar Dagomba da Mamprusi, har yanzu akan bar harawar gyaɗa a gona raɓa ta jiƙa ta, ganye ya kakkaɓe, wuta ta zo ta ƙarasa. Alhali harawar da aka shanya a inuwa ta riƙe ganyenta tana da furotin ninki uku ko huɗu na busasshiyar ciyawa.

Haka tattakar shinkafa ta fadamun Nasia da Fumbisi, wadda ake ƙonewa duk shekara. Ita kaɗai ba ta da wani amfani mai yawa, amma akwai dabarar da malaman dabbobi suka daɗe suna koyarwa. A narka kilo 4 na takin yuriya a ruwa kamar lita 60 zuwa 100, a yayyafa a kan kilo 100 na tattaka, a tattake ta cikin rami, a rufe da leda ruf kada iska ta shiga, har sati uku. In an buɗe a bar ta ta sha iska kafin a bayar. Amma fa a kiyaye, yuriya tsagwaronta kisa take yi. Kada dabba ta lashi takin ko ta sha ruwansa, kada a ba ɗan maraƙi, kada a ba jaki ko doki. Wanda bai taɓa yi ba ya nemi malamin dabbobi ya tsaya masa a karon farko.

Ga yadda mu muke haɗa wa sa mai kilo 300 a yini, bayan ya saba: ciyawa ko tattaka kilo 3 zuwa 4, harawa kilo 2, busasshen ɓawon rogo kilo 2, angurya ko dusa kilo 1, da gishirin lasa ko kanwa a gefe, da ruwa mai tsabta har ya ƙoshi. Angurya ta manyan shanu ce, ba a cika wa 'yan maruƙa ita. Kowa ya duba dabbarsa ya daidaita, domin kashin sa da ƙyallin gashinsa su ne sikelin gaskiya.

DON ME MUKE GAGGAWA?

Abu biyu ne. Na ɗaya, Babbar Sallah tana matsowa cikin bazara. Kowace shekara tana ja da baya kwana goma sha ɗaya. A 2025 an yi ta a farkon Yuni, a 2030 kuwa za ta faɗo wajen tsakiyar Afrilu, kamar yadda muka gani a 1997. Wato shekaru masu zuwa, babbar kasuwarmu ta shekara za ta riƙa zuwa daidai lokacin da daji ya fi bushewa, dabba ta fi rama. Wanda yake da abinci a ajiye, shi zai sayi ramamme da arha a Janairu, ya turke wata uku, ya sayar da mai ƙiba. Wanda ba shi da shi, zai sayar a kan tilas.

Na biyu, hanya ba kamar da ba ce. A 1994 da aka karya darajar sefa, shanun Burkina da Mali da Nijar suka yi mana arha, mutum ya loda a Pouytenga ko Djibo ya sauke ya juya. Yanzu rashin tsaro ya toshe hanyoyi da yawa, Djibo ta sha ƙawanya tun 2022, kuma a Janairun 2025 ƙasashen nan uku suka fice daga ECOWAS. Yau shanu su zo da yawa farashi ya faɗi, gobe a nema a rasa. A irin wannan kasuwa, riba tana hannun wanda zai iya cewa mai saye, "Albarka," ya mayar da sansa turke ya jira sati biyu. Ba kuwa mai iya faɗin haka sai wanda rumbunsa ke da kaya.

SHAWARARMU GA ƘUNGIYA

Tun damina ba ta fita ba, kowane reshe ya zauna da manoman gyaɗa da wake na kusa da shi, a yi cinikin harawa tun tana gona, a ba da kafin alƙalami. Wannan zai sa manomi ya tattara ta da kyau, kuma zai rage gaba tsakaninsa da mai shanu, domin wanda kuke ciniki da shi ba ya saurin kai ka gaban sarki.

Mu haɗa kuɗi mu gina rumfa mai rufin kwano kusa da kara, nesa da inda wuta ke bi, a share kewayenta. A sa mutum amintacce da littafi, kowa abin da ya ajiye a rubuta.

A yi magana da ƙungiyoyin mata masu suyar gari a kan hanyar Techiman da ta Salaga, mu ba su tamfol da buhuna, su shanya mana ɓawo mu saya da kilo. A yi yarjejeniya da direbobinmu a kan kuɗin dawowa da shi.

Wanda yake da fili kuma, ya ware eka ɗaya ko biyu ya sa rogo mai zaƙi da wake don turkensa, ya kewaye da shinge mai ƙarfi, don rogon rani ba ya tsira daga dabbobin sake. A nemi izinin mai ƙasa a fili, gaban shaidu.

Shi kuwa yaron da ya kawo mana hoton mangal, mun gode masa, Allah ya yi masa albarka. Mun ce masa in ya koma Nyankpala ya gaya wa malamansu fatake suna jiran sakamako, in sun gwada ta yi, mu ne farkon masu saye. Kafin nan dai, ya zo hutu ya taya mu auna ɓawon rogo.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana hanya, ya sa a saya da sa'a a sayar da riba.